Kiyashi a Layin Apapa

Kwana shida ke nan a layin Apapa,
tirela gaba, tirela baya.
Yaron motata Ɗanjuma ya tafi Ijora neman mai
tun la'asar, har yanzu shiru kake ji.

Na ciro waya in duba ƙarfe nawa,
sai na ci karo da katun ɗin nan
da Rumasa'u ta matsa sai da aka tura mini a kasuwar Funtuwa.
Mun yi za mu kalla tare bayan isha'i,
lodi ya fito kafin magariba.

Na danna.

Wani kiyashi ne, idanu dara-dara,
ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran tsawo.
Ruwan sama ya share layinsu kaf,
ya bar shi kan murfin kwalba
yana juyi a tsakiyar kwata,
rungume da ƙwayar sukari guda.
Masu zanen ba su ba shi murya ba,
sai wata siririyar sarewa da ke bin sa a baya.

Dariya na fara yi.
Ni da gemu ya fara furfura,
ni da na gangara Jebba da birki rabi da rabi,
yau ƙwaro nake kallo.

Ya iske buzuzu yana tura kayansa da baya,
ya yi masa alama da ƙaho,
buzuzu ko ɗaga kai.
Na san wannan gaisuwar.
Na yi ta a Oshodi, na yi ta a Mil Tu,
inda kafaɗa ke gugar kafaɗa
amma ba wanda ya san sunan ubanka.

Dare ya yi masa cikin gwangwanin madara.
Gyare na kuka a wani wuri, ba mai amsawa.
Nan na rage ƙarar waya
don na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro,
ga direban Nnewi a motar gefe, kada ya leƙo.

Akwai inda ya yi karo da gizo-gizo,
an buga ganguna, an yi tsalle-tsalle,
wannan na yara ne, Rumasa'u za ta yi ihu.
Ni abin da ya tsaya mini
shi ne asubar da ta biyo baya:
ba gida, ba sawu, ba ƙamshin 'yan'uwa a ƙasa,
ya zauna jim,
ya goge ido da ƙafar nan gajera,
ya sake saɓa sukarin nan.
Bai lasa ba. Na gida ne.

Ashe akwai zama kai kaɗai mai cin rai kamar gara,
akwai kuma wanda mutum ke jin numfashinsa a ciki
ya ce, to, har yanzu ina nan.
Ya hau kan ciyawa, maƙesu ya gifta da fitilarsa,
bai roƙe shi rakiya ba,
ya dai ga hanya taku uku, ya yi taku ukun.

Sai caji ya ƙare.
Allo ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki.

Jirgin ruwa ya yi gunji can bakin teku.
Sauro ya dawo bakin aikinsa.
Ban san ko ya kai gida ba,
kuma ko na samu wuta gobe ba zan duba ba,
wannan ƙarshen namu ne, ni da ita.

Da gari ya waye ina karyawa da burodin Agege
sai ga ɗaya na gaske kan sitiyari,
yana jan ɓarɓashi da ya fi shi girma.
Na ɗaga babban yatsa yadda na saba,
na sauke.

Aka yi ham daga baya.
Layi ya motsa tsawon mota ɗaya.
Na tada inji a hankali
don kada in girgiza shi.